Kujerar tsohuwar tarakta: a ɗaure sifirin, a kwance a gyara, ko a ɗora sabuwa?

Tarakta irin ta da ba ta da sifirin a ƙafa ko ɗaya. Aksul ɗin baya haɗe yake da giyabos, giyabos haɗe da inji, duk sun zama ƙarfe guda. Abu biyu ne kawai ke tsakanin kunyar gona da ƙugun direba: iskar da ke cikin taya, sai kujera. Shi ya sa idan kujerar Massey Ferguson 165, ko Fiat 640, ko Steyr ɗin nan da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi ta mutu, direba ne ke komawa shokozoba, kuma kwana uku ana haro sun isa a ga abin a tafiyarsa.

Hanya uku ce a gaban mai tarakta. Ko dai ya murɗa abin saitin da ke jikin kujerar, ko ya kwance ta ya sauya abin da ya ci, ko ya cire ta ɗungurungum ya ɗora sabuwa. Akwai ta huɗu da aka fi bi, wato a yanko tsohuwar katifa a ɗaure da robar tayar babur. Wannan tana rage zafin ƙarfe da gogar fata, amma ba ta taɓa jijjigar da ke cin baya, don haka ba za ta shiga lissafi ba. Wacce za a bi cikin ukun kuwa, irin kujerar ne da awon tef za su faɗa.

Wace irin kujera ce a kan taraktarka

Mafi tsufa ita ce kaskon ƙarfe da ke zaune a kan lanƙwasasshen sifirin mai faɗi, irin na Ferguson TE20 da aka ƙera a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, da Ford 8N ta Amurka. Wannan ba ta da mamurɗi, wato abin da ake murɗawa don saiti, ko kaɗan. Iyakar saitinta shi ne ramukan da ke ba da damar matsar da ita gaba ko baya. Duk wanda ya ce zai "ɗaure maka sifirin" ɗinta, ko dai zai sa mata wuta, ko zai ƙara mata wani ƙarfe, kuma duka biyun akwai magana a kansu.

Ta biyu ita ce mai naɗaɗɗen sifirin a ƙasa da shokozoba a gefensa, wadda aka fi sani a kan Farmall H da M. Ta uku ba ta amfani da sifirin ƙarfe, sai wasu dunƙulen roba da aka manne tsakanin ƙarfe biyu, nauyin mutum yana murɗa robar ita kuma tana turjewa. Haka Float-Ride ta John Deere da Rest-O-Ride ta Ford suke, dukkansu na shekarun 1950.

Ta huɗu ita ce wadda aka fi cin karo da ita a garejin gyaran tarakta a Kano, Zariya ko Maraɗi: kujera mai majingina, da sifirin ɗaya ko biyu masu ja a bayan majinginar ko a ƙarƙashin mazauni, da ƙaramin shokozoba, da mamurɗi na saita nauyi. Irinta ce ake samu a kan wasu Massey Ferguson (MF) 135 da 165, da Ford 5000 da 6600, da taraktocin Turai masu kujerar Grammer ta Jamus. Yawancin masu lamba a jiki za ka ga an rubuta kilo 50 zuwa 130. Akasarin bayanin da ke tafe a kan wannan yake, domin ita ce mai saiti na gaske.

Abin da mamurɗin yake yi

Nan ne aka fi yin kuskure. Direba ya ji kujera tana dukansa, sai ya sassauta mamurɗi don ta yi laushi, sai dukan ya ƙaru. A mafi yawan waɗannan kujeru mamurɗin ba ya sauya taurin sifirin. Taurin yana cikin kaurin wayar da faɗin naɗin da yawan zagayen, kuma an gama wannan tun a masana'anta. Abin da mamurɗin ke yi shi ne ya ja sifirin tun kafin a zauna, don ya zaɓi inda kujerar za ta tsaya a cikin tazarar hawa da saukarta idan mutum ya hau.

Ga misali na lissafi. A ce kujera tana da tazarar milimita 80 daga sama zuwa ƙasa, sifirin ɗinta kuma yana buƙatar kilo 6 kafin mazauni ya sauka milimita 10. Mutum ba ya sauke duka nauyinsa a kujera, ƙafafu da hannuwa suna ɗauke kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mai kilo 80 yana ɗora mata kimanin kilo 60 ke nan, wanda zai so ya miƙar da sifirin milimita 100, alhali tazarar duka 80 ce. Sai a murɗa mamurɗi ya cinye milimita 60 tun kujerar tana wofi, mutumin ya zauna ta sauka 40, ta tsaya a tsakiya. Yanzu a sauko da shi a hau da ƙato mai kilo 100 ba tare da an taɓa komai ba: zai sauka milimita 65, saura 15 kacal, ramin farko zai buga shi da ƙasa. A hau da saurayi mai kilo 60, zai sauka 15 ne kawai, duk lokacin da tarakta ta faɗa kwari kujerar za ta harbo ta bugi makarin sama. Sifirin ɗaya ne, bai sauya ba, amma ɗaya zai ce ta yi sako-sako, ɗaya ya ce ta yi tauri.

Me ya sa ba a sa sifirin mai tauri a huta da saiti ba? Saboda tarakta a kan tayoyinta tana tsalle ne kamar sau 2 zuwa 4 a daƙiƙa, jikin mutum a zaune kuma ya fi jin jijjigar da ke tsakanin sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa. Kowace kujera tana da nata saurin lilo, kuma ba ta fara rage jijjiga sai wadda ta fi nata lilon sauri da kusan ninki ɗaya da rabi. Jijjigar da ta zo daidai da lilonta kuwa ƙara ta take yi. Sifirin da nauyin mutum ke miƙar da shi santimita 10 gaba ɗaya yana lilo wajen sau 1.6 a daƙiƙa, ya kauce wa tsallen tarakta. Wanda ke lanƙwasa santimita 2.5 kawai yana lilo wajen sau 3, wato tsakiyar tsallen. Wannan shi ne aibin kaskon Ferguson: a wani saurin tafiya yakan riƙa cilla direba sama fiye da yadda ƙarfen taraktar kansa ke motsi.

Awon da ke raba gardama

Ana buƙatar tef, alli, da buhun taki cikakke mai kilo 50, wanda a kan kujera yake daidai da mutum mai kilo 65 zuwa 70. A ajiye tarakta a fili mai daidai, a kashe inji, a sauke garma ƙasa.

Zaɓi wuri ɗaya a gefen mazauni da wuri ɗaya a ƙarfen da ba ya motsi, ka yi musu alama da alli. Ka sassauta mamurɗi, ka ɗaga kujerar da hannu har ta tsaya, ka auna. Ka danna ta har ƙasa, ka auna. Bambancin shi ne tazararta, kuma a irin waɗannan kujeru yakan kama santimita 6 zuwa 10. Sannan a mayar da mamurɗi inda yake, direban da zai yi aiki da ita ya hau, ƙafa a kan mataki, hannu a sitiyari, wani ya auna masa. Abin da ake nema shi ne ta sauka tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin tazarar. Mai aiki a fako ko mai jan tirela a hanya mai gargada ya tsaya kusa da kashi ɗaya cikin uku, don ya bar wa ƙasa fili.

Sauran gwaji biyu da buhun ake yinsu. Na farko: ɗora buhu, danna ƙasa a hankali ka saki, ka auna, sannan ɗaga sama a hankali ka saki, ka sake aunawa. Lafiyayyar kujera tana komawa kusan wuri guda. Idan bambancin ya kai santimita 1 ko ya wuce, gogayya ce, wato tsatsa, ko fin (sandar ƙarfen da gaɓar kujera ke juyawa a kai) da ya lanƙwashe, ko ƙananan tayoyin da ke gudu a cikin kwarin ƙarfe sun daina juyawa. Na biyu: danna da ƙarfi ka saki farat ɗaya. Idan ta taso ta tsaya, ko ta ɗan yi lilo ɗaya, shokozoba yana da rai. Idan ta yi lilo uku ko huɗu, ya mutu. Daga nan ka kama majingina ka girgiza hagu da dama. Wasan da ya wuce santimita 1 a samanta alamar bushin, wato zobban da fin ke zama a ciki, sun cinye ne.

Hanya ta farko: saiti kawai

Ita ce mafi arha, kuma tana wadatarwa idan kujerar ta ci gwajin gogayya da na shokozoba, matsalar kawai ta inda take tsayawa ce. Kusan kullum abin da ke hana ta shi ne mamurɗin ya kafe. Kada a sa masa doguwar sifana a danna, domin sandarsa siririya ce, notin da ke hawa a kanta kuma a wasu kujerun na roba mai tauri ne ko tagulla. A goge tiredi, wato haƙoran jikin sandar, da burushin ƙarfe, a jiƙa da man sassauta tsatsa ko gas da aka gauraya da ɗan baƙin mai, a bar shi ya kwana. Washegari a riƙa murɗawa rabin zagaye gaba, rabi baya, ana ƙara mai, har ya saki.

A riƙa murɗawa babu kowa a kai, ko direba ya ɗaga jikinsa, don nauyi a kan busasshen tiredi shi ke cinye shi. A yawancinsu murɗawa ta dama tana ƙara ja don mai nauyi, amma a tabbatar da ido, a ga sifirin yana miƙewa. Zagaye biyu, a hau, a auna, a sake. Bayan an samu tsakiya a fita a gwada a kan kunyoyi da giyar da aka saba aiki da ita. Idan tana buga ƙasa fiye da jefi-jefi, a ƙara zagaye ɗaya ko biyu.

Iyakar wannan hanya a bayyane take. Idan an kai mamurɗi ƙarshe kujerar tana nan tana nutsewa fiye da rabi, sifirin ya gaji. Masu cusa washa ko guntun bututu don ƙara ja suna samun tsayi, amma suna tilasta wa sifirin miƙewa fiye da abin da aka yi shi dominsa, kuma a ƙugiya yake tsinkewa. Haka nan ɗaure sifirin ba ya maganin mataccen shokozoba. Lilon yana nan, sai dai a ƙara masa bugun sama.

Hanya ta biyu: kwancewa da gyara

Kafin a zare fin ko ɗaya, a sassauta mamurɗi har sifirin ya yi lakwas. Sifirin da ke ɗauke da ja na kilo 30 ko 40 idan ya kuɓuce yana fasa yatsa, yana iya cire ido. Idan kujerar mai ƙafafu irin na almakashi ce, a cusa guntun katako a tsakani don kada ta rufe a kan hannu. A ɗauki hoto da waya kafin kowane mataki, saboda washa da ƙananan zobba suna da tsari, kuma ba a tuna shi bayan kwana biyu.

A fara da sifirin. Mai ja idan yana kwance a ƙasa ya kamata zagayensa su manne da juna. Idan ana hango haske a tsakaninsu, ya miƙe ke nan. Mai dannuwa kuma gajarta yake yi. Idan biyu ne a jera su, bambancin milimita 3 ko 4 ya isa a sauya duka biyun, don sabo da tsoho tare suna karkatar da kujera, su cinye bushin na gefe ɗaya. A duba cikin ƙugiya, inda gogayya ke sirantar da waya.

Wajen neman madadi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ne ake tafka asara, saboda ana zaɓa da ido. Abu huɗu ake aunawa: kaurin waya, faɗin naɗi, yawan zagaye, da tsawo daga ƙugiya zuwa ƙugiya. Kaurin waya ya fi komai tasiri. Daga milimita 6 zuwa 7 ido ba ya ganin wani bambanci, amma taurin ya ƙaru da kusan kashi 85 cikin ɗari. Naɗin da ya ragu daga milimita 40 zuwa 36 yana ƙara tauri da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Yanke zagaye ma tauri yake ƙarawa: mai zagaye 10 idan aka mai da shi 8 ya ƙaru da kashi 25. Saboda haka wanda ya sayo dogo ya yanke don ya shiga, ya sani ya sayi wani sifirin daban. Wuta kuwa haram ce a nan. Ƙarfen sifirin an gasa shi an sanyaya shi da ƙa'ida; da zarar harshen walda ya mai da shi ja, wurin ya mutu, zai lanƙwashe ya ƙi dawowa, ko ya karye a gefen waldar.

Shokozoba a cire shi a riƙe a tsaye, a ja a tura da hannu sau biyar ko shida. Mai rai yana turjewa a hankali tun daga farko har ƙarshe, yawanci ya fi turjiya wajen ja. Wanda ke tafiya fayau a wani wuri sannan ya kama, ko jikinsa ya jiƙe da mai, ya gama. Waɗannan ƙananan a rufe aka yi su, ba a gyara su. Makanikai da yawa suna sa na babur a madadinsa, kuma yana iya yi, amma da sharaɗi uku. A cire masa nasa sifirin, in ba haka ba taurinsa zai haɗu da na kujera. A auna shi a rufe da a buɗe, daga ido zuwa ido, a tabbatar kujerar tana kaiwa makarinta na sama da na ƙasa kafin shi ya kai ƙarshe, domin idan shi ne makari kwana kaɗan zai yi. Sannan a sa shi yadda yake tsayawa a babur, kusan a miƙe, saboda yawancinsu idan aka kwantar ko aka kifa iska tana shiga inda mai yake su daina aiki. Ko da an cika sharuɗɗan, an yi shi ne don ƙafar babur, sau da yawa yakan fi ƙarfin kujera, ta riƙa dawowa a makare kamar an riƙe ta. In ana samun na asali, shi ya fi.

Bushin da fin su ne aikin da ba a gani amma ya fi sauya zaman kujera. Fin da ya yi wuya a tsakiya a sauya shi, mai injin sassaƙa ƙarfe zai fitar da sabo daga sandar ƙarfe mai kyau, bushin kuma daga tagulla ko farar robar nailan. Kada a maye gurbin fin da bol mai tiredi har ƙarshe, haƙoransa za su zama zarto a cikin bushin. Idan ramin da ke jikin firam ya zama kamar ƙwai, a cike shi da walda a sake hudawa, a kan benci ba a kan tarakta ba. Batun giris kuma a yi hattara: a ƙasar da ake hunturu da ƙura, giris da ke waje yana kama yashi ya zama abin wasa wuƙa. A sa shi a cikin fin, a goge wanda ya fito. Kwarin da tayoyin nailan ke gudu a bar shi a bushe, a riƙa share shi. Sandar mamurɗi a shafa mata kaɗan a rufe da guntun tsohon tub.

Akwai wasu ƙananan robobi biyu da ake mantawa, makarin sama da na ƙasa. Idan sun faɗi ƙarfe ne ke bugun ƙarfe, kuma ƙarar da ake ɗora wa sifirin laifi sau da yawa tasu ce. Guntun gefen tsohuwar tayar mota mai kaurin santimita 1.5 zuwa 2 yana tsayawa a madadinsu.

Kujera mai dunƙulen roba gyaranta gajere ne: idan robar ta tsattsage ko ta saki ƙarfen da aka manne ta da shi, sai sabuwa, guda biyu tare, kuma akwai ta hagu akwai ta dama. Mai da gas suna narkar da irin wannan roba, kada giris ya kusance ta. Wahalarta ita ce sai an yi odar robar daga waje, kuma wadda ta daɗe a shago tana bushewa ko ba a taɓa amfani da ita ba.

Kaskon da ke kan sifirin mai faɗi kuma, abin dubawa shi ne tsaga a kusa da ramukan bol da cikin lanƙwasa. A wanke, a shafa kananzir, a goge tas, a goga alli. In akwai tsaga kananzir zai fito ya zana layi. Mai tsaga ba a yi masa walda, sauyawa ake yi. Masu yanko ganyen sifirin mota su sani cewa daga kaurin milimita 8 zuwa 10 taurin kusan ninkawa yake, kuma ramin da aka huda da wuta nan ne tsaga za ta fara. Ko an gyara shi ya koma sabo, ba shi da shokozoba, ba shi da saitin nauyi.

Hanya ta uku: sabuwar kujera

Kujerun kasuwa da ake cewa suna hawa kowace tarakta iri biyu ne. Akwai mai sifirin a bayan majingina, mazauninta yana sauka ƙasa sosai; akwai mai almakashi a ƙarƙashi, wadda ta fi daɗin zama amma tana ɗaga mutum santimita 10 zuwa 15. A kan ƙaramar tarakta irin MF 35 ko 135 wannan ɗagawar matsala ce. Cinya tana matsewa a ƙarƙashin sitiyari, ƙafa kuma tana gaza kai kuloci ƙasa. Kulocin yawancin waɗannan taraktoci hawa biyu ne, sai an taka har ƙarshe shaf ɗin PTO, wato sandar da ke juya kayan aiki a bayan tarakta, yake saki. Direban da ke miƙa yatsun ƙafa zai riƙa gurza giya. Ƙari a kan haka, duk yadda mutum ya yi nisa da aksul haka yake ƙara kaɗawa hagu da dama idan ana tsallake kunyoyi. Don haka ga ƙananan taraktoci marasa rumfa, mai sifirin a baya ta fi. Mai almakashi ta dace da manya masu fili irin Ford 6600 ko MF 375.

Kafin a biya kuɗi a auna faɗin da ke tsakanin madigadi da libobin haidurolik, a ɗaga hannuwan ɗaukar garma har sama a ga ko za su taɓa bayan kujera, a kuma auna tsayi daga mataki zuwa mazauni, wanda ga matsakaicin mutum yake kamawa santimita 40 zuwa 45 idan ya zauna. Ramukan sabuwar kujera da wuya su dace da na tarakta, sai an yi faranti na ƙarfe mai kaurin milimita 6 a tsakani. A kan Massey Ferguson kujera tana zaune ne a kan murfin haidurolik. Kada a huda shi, kada a yi masa walda, a yi amfani da inda tsohuwar take ɗaure. Tsofaffin taraktocin Ingila da Amurka tiredinsu na inci ne, notin milimita zai shiga zagaye biyu ya cije, wanda ya tilasta shi ya lalata wurin. Tsakanin faranti da kujera a sa bol mai lamba 8.8 a ka, mai girman M8 a ɗaure shi wajen Nm 25 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, M10 wajen 48, da notin da ba ya warwarewa.

Ingancinsu ya bambanta ƙwarai. A shago a ɗaga a ji nauyi, a duba kaurin firam, a tabbatar akwai shokozoba na gaske, don wasu masu arha sifirin ne zalla. A nemi mazauni mai ramin zubar ruwa. Kujera mai jakar iska da kwamfuresa a bar wa tarakta mai rufaffen ɗaki. Ƙura da ruwan sama da tsohuwar wayar lantarki ba za su bar ta ta shekara ba. Kujerar mota daga wurin 'yan gwangwan ita ce mafi muni: ba ta da tazarar hawa da sauka, sosonta yana shan ruwa, kuma tana da tsayi. Idan sabuwar ta zo da bel, a ɗaura shi ne kawai a taraktar da ke da ƙarfen kariya na kifewa a saman direba. Inda babu wannan ƙarfe, bel ɗaure mutum yake yi a ƙarƙashin tarakta idan ta kife.

Wa ya kamata ya bi wacce

Kujera mai mamurɗi da firam ɗinta bai tsage ba, bai ruɓe ba, gyara ya fi mata sabuwa. Ƙarfenta ya fi na yawancin masu arhar kasuwa kauri, tsayinta kuma an auna shi da sitiyari da kulocin wannan taraktar. Bushin, shokozoba da makaran roba sukan dawo da ita ba tare da an taɓa sifirin ba, kuma abin mamaki sifirin shi ne ya fi komai daɗewa a cikinta. Idan firam ya karye a wuri fiye da ɗaya, ko kwarin da tayoyi ke gudu ya cinye har ya yi tudu da kwari, kuɗin gyara zai kusa na sabuwa, sakamakon kuma ba zai kai ba.

Kasko a kan sifirin mai faɗi ya danganta da aikin taraktar. Wadda ake ajiye da ita don tarihi ko ɗan aikin awa ɗaya zuwa biyu, a bar mata kayanta, a sa matashi mai kyau. Wadda ke aikin haya daga safe zuwa magariba a farkon damina, a cire a ajiye, a ɗora mai sifirin a baya.

Kowace aka bi, a leƙa taya kafin a yanke wa kujera hukunci. Masu faci sukan bugo wa tayar baya iska kamar ta mota, har fam 30, alhali aikin gona a taya mai lamba irin 12.4-28 ko 16.9-30 yawanci fam 12 zuwa 16 yake so, gwargwadon nauyin abin da aka rataya. Taya mai tauri, ko wadda aka cika da ruwa har baki, tana aiko da duka wanda babu kujerar da za ta shanye. Bayan awa goma na aiki a sake bin duk notin da aka taɓa. Idan kuma direba biyu ne ke karɓa-karɓa, a ƙirga zagayen mamurɗi na kowannensu daga ƙarshen sassautawa, a rubuta da fenti a jikin madigadi.